Bashin Karatun Likita Da Jinya: Lissafin Da Ke Raba Boɗinga Da Shagari Da 'Ya'yansu

Kwanakin baya na je ta'aziyya garin Shagari. Bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wani dattijo daga dangin mahaifiyata ya jawo ni gindin darbejiya, ya zaro wata takarda da ya linke huɗu a aljihunsa ya miƙa mini. Takardar shaidar samun gurbin karatun jinya ce ta 'yar autarsa. Na yi masa barka, amma na lura fuskarsa ba ta saki ba. Can ya ce, "Kai da kay yi boko, wanga bashi na gwamnati da anka kawo ma 'yan makaranta, a ci ko a bari? Ni dai tsoro nikai in mutu in bar ma ɗiyata nauyi a wuya." Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu in yi nazari." Na ga cewa amsar da zan ba shi ta shafi dubban iyaye daga Sifawa zuwa Dingyaɗi, daga Kajiji zuwa Lambara, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Bashin da Kawu yake nufi shi ne na Asusun Ba da Lamunin Karatu na Najeriya, wato NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a kan dokarsa a watan Yunin 2023, amma da aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri, musamman na kawo masu tsaya wa ɗalibi da kuma ƙayyade abin da iyayensa ke samu a shekara, sai aka soke ta aka yi sabuwa a watan Afrilun 2024, aka kuma fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayun wannan shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan ya riƙa ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar yau da kullum. Babu kuɗin ruwa a kansa, wanda hakan ya kawar da babbar fargabar da ke zukatan mutanenmu. Ba a fara neman ɗalibi ya biya sai bayan shekara biyu da kammala hidimar ƙasa, kuma abin da za a riƙa cira shi ne kashi 10 cikin 100 na albashinsa, ko na ribarsa idan sana'ar kansa yake yi. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa a rubuce a ɗaga masa ƙafa, wanda kuma ya rasu doka ta ba da damar a yafe masa. Sai dai makarantun gwamnati kaɗai abin ya shafa, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu dawo kansa.

To, bari mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Alƙaluman da zan kawo na kuɗin makaranta da na albashi ƙaddarawa ce kawai domin misali, kowa na iya cire su ya sa nasa. Yaron da ya shiga karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai yi shekara shida idan Allah Ya kiyaye shi daga maimaita aji. Idan ya karɓi naira 20,000 kowane wata na waɗannan shekaru, ya ci naira 1,440,000 ke nan. Mu ƙaddara kuɗin rajista naira 150,000 ne a shekara, wato 900,000. Jimilla 2,340,000. Idan ya fara aiki a kan albashin naira 250,000, za a riƙa cire masa 25,000 a wata, ya gama biya cikin abin da bai cika shekara takwas ba, ko da kuwa ba a taɓa ƙara masa sisin kwabo ba. Yanzu mu dubi abokinsa da ya yi karatun shekara uku na ma'aikacin lafiyar al'umma, irin wanda ake yi a Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa. Kuɗin ɗawainiyarsa 720,000, mu ƙaddara kuɗin makaranta 100,000 a shekara, jimilla 1,020,000. Idan ya yi sa'a ya sami aikin naira 100,000, za a riƙa cire 10,000, ya shekara takwas da rabi yana biya. Bashinsa bai kai rabin na likita ba, amma ya fi shi daɗewa da igiya a wuya. Ashe ke nan nauyin bashi ba a yawansa yake ba, yana ga irin albashin da takardar shaidar za ta iya jawowa, da kuma ko za ta jawo ɗin ma.

Akwai kuma wani abu da masu tsoron wannan bashi ba su cika lura da shi ba. Yaron da ya karɓi nairar farko a 2024 yana ajin farko na karatun likita, zai kammala a 2030, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ya yi hidimar ƙasa, sannan a ba shi shekara biyu. Ba zai fara biya ba sai wajen 2034, shekara goma cif bayan ya karɓa. Duk wanda ya rayu a ƙasar nan ya san abin da shekara goma ke yi wa naira. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Bashin da ba shi da ruwa a irin wannan yanayi narkewa yake yi kamar ƙanƙara a rana. A gaskiya rabinsa kyauta ne, sai dai ba a kira shi da sunansa ba. A Amurka, inda matsakaicin bashin da ke kan sabon likita yake kusan dala 200,000 kuma ruwa na hawa kansa kowace shekara, da an yi musu irin wannan tayi da sun yi rububinsa.

Saboda haka idan tambayar ita ce ko ɗan talakan Boɗinga da ya sami gurbi a makarantar gwamnati ya karɓi wannan lamuni, amsata ita ce ya karɓa, bayan ya karanta abin da zai sa wa hannu da idonsa, ya kuma ƙudurta a ransa cewa bashi ne zai biya. Na faɗi wannan na ƙarshe ne domin mun taɓa gani. A 1972, zamanin Janar Gowon, lokacin da marigayi Alhaji Shehu Shagari yake Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, an kafa hukumar ba ɗalibai bashi, ta rayu shekaru tana rabawa, daga ƙarshe ta durƙushe, babban dalili kuwa shi ne waɗanda suka ci ba su mayar ba. Bankin Ilimi da aka yi wa doka a 1993 domin ya gaje ta bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka ci wancan kuɗi sun zama manyan mutane, sun kuma toshe wa na bayansu ƙofa.

Amma fa wannan bashi na gwamnati shi ne mafi sauƙi a cikin basussukan da ke kan ɗalibin fannin lafiya. Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mafi nauyinsa shi ne wanda ba a rubuta a takarda ba. Naira 20,000 a wata ba ta riƙe ɗalibi a birnin Sakkwato, ballantana ɗalibin likita da ke buƙatar littattafai masu tsada, da kayan aiki, da kuɗin zirga-zirga tsakanin ɗakin kwana da asibitin koyarwa. Ragowar daga gida take fitowa. Daga buhunan gero da albasar da aka sayar tun ba su yi daraja ba, daga tunkiyar uwa, daga adashin yaya, daga ƙanen da aka ce ya dakata da nasa karatun sai wansa ya gama. A jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 kimanin mutum tara cikin goma na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, fitar da likita ɗaya daga gida aikin gayya ne. Ranar da ya karɓi albashin farko kuwa, duk wanda ya sa hannu a gayyar yana da haƙƙi a kansa, kuma wannan haƙƙi ba ya tsayawa a kashi 10 cikin 100, ba shi kuma da ranar ƙarewa. Sannan ga shekaru. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Karatun da aka ce shekara shida ne ya koma takwas ga waɗanda abin ya rutsa da su, a daidai lokacin da tsaransu da suka shiga kasuwa suka yi aure suka fara gini.

Mafi muni shi ne bashin da ake ci domin takardar da ba ta da amfani. Na san wani matashi a wani ƙauye na ƙasar Boɗinga da mahaifinsa ya sayar da shanun huɗa biyu, ya kuma jinginar da gonarsa ta fadama, domin ya sa shi a wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta a wani birni. An yi shekara uku ana biya, ana ɗinka fararen kaya, ana ɗaukar hoto. Sai da lokacin jarrabawar samun lasisi ya zo aka gane cewa hukumar da ke kula da fannin ba ta san da zaman ajinsu ba. Yau yaron yana tsaron kemis ɗin wani, gonar kuma har yanzu tana hannun wanda aka jinginar wa. Irin waɗannan makarantu sun yi yawa a Arewa cikin 'yan shekarun nan, domin masu su sun gane cewa babu abin da iyaye ke so kamar a ce ɗansu ma'aikacin asibiti ne. Akwai nagari a cikinsu, ban musa ba. Amma tun da lamunin gwamnati bai shafe su ba, duk wanda ya shiga da dukiyar gida ya shiga. Kowane fanni yana da hukumarsa, ta likitoci daban, ta ma'aikatan jinya da ungozoma daban, ta masu haɗa magunguna daban, ta ma'aikatan lafiyar al'umma daban, kuma kowace tana ƙayyade wa makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Ɗalibin da aka ɗauka a kan wannan adadi yana iya gama karatu ya rasa damar zama jarrabawa, ko da makarantar tana da rajista. Haka nan masu hali da suka riƙa tura 'ya'yansu Sudan karatun likita, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya maido da su gida da karatu a rataye, waɗanda suka kammala a waje kuma sai sun ci jarrabawar tantancewa kafin a ba su izinin taɓa marar lafiya a Najeriya.

Mu koma ɗaya gefen sikelin, wato abin da ake samu bayan an gama. A nan ne maganar take da ɗaci. Tun 2009 aka ware wa likitoci tsarin albashinsu, sauran ma'aikatan lafiya ma nasu, amma tsarin na Gwamnatin Tarayya ne, kowace jiha tana aiwatar da abin da ta ga za ta iya. Ma'aikata biyu da suka zauna aji ɗaya, suka ci jarrabawa ɗaya, ɗaya yana asibitin koyarwa na tarayya, ɗaya yana ƙaramin asibitin ƙauye, sai ka tarar da rata mai faɗi a tsakaninsu. An shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin aiki yana naira 5,000 a wata ga mutumin da ke mu'amala da masu zazzaɓin Lassa da sanƙarau. Yajin aikin gargaɗi da ma'aikatan jinya suka shiga a ƙarshen watan Yulin 2025, da yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa a watan Nuwamban wannan shekarar, duk a kan kuɗi da yanayin aiki ne. Waɗannan ma su ne masu aikin. A ƙasa da su akwai rundunar matasa masu takardun ƙananan fannonin lafiya da ke zuwa asibitocin ƙauye kullum da sunan aikin sa kai, shekara uku, shekara biyar, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar ma'aikata. Gwamnatin Tarayya ta sanar da faɗaɗa guraben shiga makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, abu ne mai kyau, amma ban ji an ninka guraben aiki ba. Ga 'ya'ya mata kuma akwai ƙarin wani abu da ba a son faɗa. Yarinya na iya cin bashin, ta kammala, ta yi aure, maigida ya ce bai yarda da aikin dare ba, ko ya ɗauke ta zuwa wani gari. Bashin yana nan da sunanta. Wannan magana ce da ya kamata a gama ta tun kafin a karɓi sadaki.

Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin yarinyar Kawu ranar da ta karɓi lasisinta. Hanya uku ce a gabanta. Ta koma babban asibitin Shagari ko wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan da ke kewaye, inda aka fi buƙatarta, inda kuma albashi ya fi ƙanƙanta, babu gidan ma'aikata mai kyau, wuta sai an ci sa'a, ga fargabar 'yan bindiga da ta fara taɓa yankin a 'yan shekarun nan. Ko ta nemi asibitin tarayya a birni, inda za ta iya haɗawa da aiki a asibitin kuɗi da yamma. Ko kuma ta nemi fasfo. Ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki a asibitocin gwamnatin Ingila tana farawa ne da kimanin fam 30,000 a shekara. Ko bayan haraji da kuɗin haya masu tsanani na can, abin da ke kanta na NELFUND bai wuce ajiyar 'yan watanni ba. Saudiyya kuwa, wadda ta fi kwanta wa mutanenmu a rai saboda dalilan da kowa ya sani, har Abuja wakilanta suka riƙa zuwa ɗibar likitoci, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2021. Duk wanda ya iya lissafin firamare ya san inda sikelin zai rinjaya. Ba rashin kishi ba ne. Mu ne muka ɗora mata bashi, muka ɗora mata dangi, sannan muka jera mata hanyoyi uku muka sa mafi ƙarancin lada a kan wadda muke so ta bi.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a 2025 cewa likitoci fiye da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai, alhali horar da kowane ɗaya yana cin fiye da dala 21,000. A farkon 2024 Magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma na lokacin, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka fice cikin shekara uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: talakan Najeriya ya horar, attajirin Landan da na Riyad su mora. Wanda ya tafi ɗin ma, ta yaya asusun zai cire kashi 10 daga albashin da ake biya a wata ƙasa? Wanda ya zauna gida a kan albashin gwamnati shi ne ke hannu, shi za a fara yanka. Ita kuwa Jihar Sakkwato, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa goma da ƙyar ɗaya ke samun ƙwararren ma'aikacin lafiya a kanta. Duk ungozomar da lissafi ya kora daga Shagari, akwai matan da za su biya farashin da rayukansu a kan hanyar zuwa birni cikin dare.

Maganin da hukumomi suka fi saurin kawowa shi ne tilas. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, likitoci suka yi masa ca. A 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta sa sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, aka yi zanga-zanga har da zuwa kotu. A nan gida, gwamnatin Ahmed Aliyu, wadda ta ɗauko shi wancan Dokta Faruk ta ba shi Kwamishinan Lafiya, ta fito a 2025 da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na tsawon shekara biyu dole, tare da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan albashinsu. Na yaba da wannan mataki, domin ya amsa cewa ma'aikata sun taru a birni sun bar ƙauye fayau, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda jiha ta ɗauki nauyin karatunsa ba shi da bakin ƙin zuwa inda aka tura shi. Amma a dubi abin da zai faru nan da 'yan shekaru, lokacin da 'yan lamuni suka fara shiga aiki. Jiha za ta ƙara kashi 10 da hannun dama, asusun tarayya ya cire kashi 10 da hannun hagu. Ladan zaman ƙauye ya tashi a tutar babu. Shekara biyun na cika kuma, mai neman canjin wurin aiki zai kama layi a ma'aikata da takardar wani babba a hannu.

Abin da nake ba da shawara shi ne jiha ta sayi bashin. Duk ɗan jihar da ya karanta likita, ko jinya, ko ungozoma, ko haɗa magunguna, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje da lamunin NELFUND, a yi yarjejeniya da shi a rubuce: kowace shekara ɗaya da ya cika yana aiki a wajen birnin Sakkwato, gwamnati ta biya masa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke kansa kai tsaye ga asusun. Shekara huɗu, ya fita fes. Wanda ya tafi bayan shekara biyu ya tafi da rabin bashinsa, babu kotu, babu riƙe takardu, babu zagi. Bambancin wannan da tsohon tsarin ɗaukar nauyin karatu shi ne, can ana biya ne tun kafin a ga aiki, yaro ya gama ya sulale, a bar ma'aikata da takardar yarjejeniyar da ba mai iya bin ta. Nan kuwa sai an ga aiki ake biya. Ba kuma sabon abu ba ne a duniya. Amurka tana da shirin da ke biya wa ma'aikatan lafiya bashin karatu idan suka yi aƙalla shekara biyu a yankunan da ke da ƙarancin ma'aikata, Ostireliya ma tana rage wa likitoci da manyan ma'aikatan jinya bashinsu gwargwadon zaman da suka yi a karkara. Ingila ta gwada akasin haka a 2017, ta soke tallafin ɗaliban jinya ta mayar da su kan bashi, masu neman shiga suka ragu da kimanin kashi 23 cikin 100 a shekarar farko, dole a 2020 ta dawo da kyautar fam 5,000 a shekara.

Za a ce ina kuɗin? Bisa lissafinmu na baya, ko da kowane ma'aikaci yana da bashin naira miliyan biyu da rabi, mutum ɗari za su ci naira miliyan 250 ne, a rarrabe cikin shekara huɗu. Motar da aka saya wa kowane ɗan Majalisar Wakilai a 2023, rahotanni sun ce ta kai naira miliyan 160. Kuɗin mota biyu ke nan, har da canji. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, babu abin da zai hana Boɗinga da Shagari kowace ta ɗauki 'ya'yanta goma a shekara a kan wannan sharaɗi, in har kuɗin na isa hannunsu. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ma tana da abin dubawa a nan, domin mabarta suna cikin waɗanda aka ambata a rabon zakka, ko da yake wannan fage ne na malamai, su za su faɗi iyakarsa. Attajiran yankin da ke gina asibiti su sa sunansu a ƙofa, su sani cewa gini ba ya karɓar haihuwa.

Za a kuma ce ai yafe bashin miliyan biyu ba zai tsayar da mai hangen fam da riyal ba. Gaskiya ne, ba zai tsayar da kowa ba, kuma ban ce ya maye gurbin albashi mai kyau da gidan kwana da tsaro ba. Likitan da ya ƙudurta zama ƙwararren mai fiɗar ƙwaƙwalwa ba Kajiji zai zauna ba, bai ma kamata a nemi ya zauna ba. Wanda nake magana a kai shi ne na tsakiya, mai son zama kusa da iyayensa, wanda abu kaɗan ke rinjayarsa ko nan ko can, kuma irinsa ne suka fi yawa, musamman cikin mata. Wanda ya shekara huɗu a wuri, ya yi aure, ya sayi fili, ya san kowane gida da sunan mai shi, tumɓuke shi ba ƙaramin aiki ba ne. Sharaɗin kawai shi ne a ɗauke shi aiki tukuna. Yarjejeniyar da ba ta zo da takardar kama aiki ba, wasa ce da hankalin yara.

Na koma wurin Kawu bayan sati ɗaya, na same shi a zaure. Na ce masa makarantar ta gwamnati ce, na kuma bincika na tabbatar hukumar jinya ta amince da ita, yarinyar tana cikin adadin da aka ƙayyade. Na ce ta karɓi kuɗin makarantar gaba ɗaya, kuɗin ɗawainiya kuma ta karɓa idan gida ba zai iya ba, kada dai a sayar da gona ko saniyar huɗa saboda gudun bashin da ba shi da ruwa. Na gaya masa cewa ba sunansa ne a takardar ba, ba kuma za a zo gidansa neman ko kwabo ba. Na ƙara da cewa duk wanda ya zo neman aurenta a gaya masa tun a zaure cewa ma'aikaciyar asibiti zai aura, mai kwanan aiki, mai bashin gwamnati a kanta. Ya yi shiru, ya linke takardar ya mayar aljihu, sannan ya ce, "To in ta ƙare, nan za su aje muna ita ko birni za su kai ta?" Na ce, "Kawu, wannan ba a hannuna take ba." Ya aika a kira yarinyar ta zo da lambar shaidar zama ɗan ƙasa da ta jarrabawar shiga jami'a, muka cike mata fam ɗin a wayata kafin la'asar.